Maganin dashen ƙoda da aka gwada wa zuciya

Idan jijiyar da ke kai wa zuciya jini ta toshe, likitoci kan yi gaggawar buɗe ta. Sai dai dawowar jinin ma tana yin tata ɓarnar. Wani sashe na tsokar da ta tsallake toshewar yakan mutu ne 'yan mintoci bayan jini ya komo, kuma a cikin mitokondiriya wannan ta'asa take aukuwa.

Mitokondiriya 'yan mitsi-mitsin sassa ne a cikin ƙwayoyin halittar jiki, su ke ƙona abinci da iskar oksijin su samar da makamashi. Fata biyu ce ta lulluɓe su, ta cikin kuwa ba ta barin komai ya ratsa sai ta wasu 'yan kafofi, wannan ta kalsiyam, waccan ta fotasiyam. Kamar madatsar ruwa take: muddin bango na riƙe, akwai ƙarfin juya inji.

To, lokacin da jini ya komo, kalsiyam kan yi wa mitokondiriya yawa, sai wata ƙatuwar kafa ta wage. Ruwa ya kwararo ciki, ta kumbura ta fashe, ƙwayar tsokar ta mutu.

A 1988 Martin Crompton da abokan aikinsa a Landan suka gano cewa saikulosporin yana hana wannan kafa buɗewa. Maganin ba baƙo ba ne, shi ake ba wanda aka yi wa dashen ƙoda don kada jikinsa ya ƙi ta, asalinsa kuma wani naman gwari ne da aka samo a ƙasar da aka ɗebo daga Norwe. A kan dabbobi ya yi aiki. A 2008 likitoci a Faransa, ƙarƙashin Michel Ovize na birnin Liyon, suka gwada a kan majinyata 58, ana yi wa wasu allurarsa dab da buɗe jijiyar, aka ga ɓarnar ta ragu. Kowa ya sa rai.

Babban gwajin CIRCUS ne ya sanyaya gwiwa a 2015. Majinyata 970 aka ɗauka, bayan shekara guda babu bambanci tsakanin waɗanda suka sami maganin da waɗanda ba su samu ba. Abin da ciwo, don rayukan mutane ake magana, amma gara da aka fito da sakamakon fili.

Wani ɓangare na matsalar shi ne an daɗe ana harbi cikin duhu. Tun shekarun 1970 aka san wani jan rini mai sinadarin rusiniyam yana toshe kafar kalsiyam, amma sai 2011 ɗakunan binciken Vamsi Mootha a Boston da Rosario Rizzuto a Padua suka gano furotin ɗin da ya gina ta. Ita kuwa ƙatuwar kafar da saikulosporin ke rufewa, har yau masana na jayayya kan abin da aka yi ta da shi.