Kumburin da Ba Ya Jira: Ciwon Daji na Yara a Ƙauyukanmu

Akwai wata cuta da ke kama yara wadda mutanen karkara ba su cika saninta ba, ko da ya ke tana cikin ciwace-ciwacen daji da aka fi gani a asibitocin Arewa. Muna so mu yi maganarta da malaman makaranta da malaman ofis na ƙasar Ƙaura Namoda da Shinkafi da Zurmi, domin su ne idon jama'a a wurare irin su Sakajiki, inda likita ya ke da nisa.

Cikin shekarar 1958 wani likita mutumin Ailan mai suna Denis Burkitt, wanda ya ke aiki a asibitin Mulago na Kamfala a ƙasar Yuganda, ya bayyana wani irin kumburin muƙamuƙi da ya riƙa gani ga yara. Da ya bi sawun cutar, sai ya tarar ta fi yawa a ƙasashe masu zafi da laima, watau inda zazzaɓin cizon sauro ya yi katutu. A 1964 kuma Epstein da abokan aikinsa suka gano wata ƙwayar cuta a cikin kumburin. Yanzu masana sun tabbata wannan ƙwaya da yawan zazzaɓi su ke haɗuwa su buɗe wa cutar ƙofa.

Alamunta ba su da wuyar ganewa. Kumatu ko ƙasan ido ya kumbura, haƙora su yi girgiɗi ba dalili, wani lokaci ciki ya tashi. Iyaye su kan ce hangum ne, ko ciwon haƙori, ko sammu. To, hangum ya kan saɓe cikin kwana goma ko mako biyu. Wannan kuwa ƙaruwa ya ke yi, har ya kan ninka girmansa cikin kwana ɗaya ko biyu. Sakiyar wanzami ba ta yi masa kome sai ɓata lokaci. Haka kuma farin ɗigo da ke ƙyalli a tsakiyar idon ƙaramin yaro, da ƙullutu mai tauri a gefen ciki, duka abin gaggawa ne.

Amma fa wannan kumburi yana jin magani ƙwarai, in an zo da wuri. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yara wajen 400,000 ke kamuwa da ciwon daji kowace shekara. A ƙasashe masu arziki fiye da 80 cikin 100 su ke warkewa, a matalautan ƙasashe da yawa kuwa ba su kai 30 ba. Saboda haka a 2018 ta kafa shiri don a kai 60 cikin 100 kafin 2030.

Me ya kawo wannan rata? Yawanci jinkiri ne da yankewar magani. Mutumin Sakajiki zai fara da asibitin Ƙaura, a tura shi Gusau, wataƙila daga can a ce sai asibitin koyarwa na Sakkwato ko na Shika a Zariya. Ga kuɗin mota, ga tsoron 'yan bindiga a hanya, ga gona an bari. Maganin kuma zuwa-zuwa a ke yinsa cikin watanni. Da uba ya ga kumburi ya saɓe bayan allurar farko, sai ya ce an warke, ya ƙi komawa. Nan cutar ta ke dawowa da ƙarfi.

Ga abin da mu ke roƙo. Malamin aji ya dubi fuskokin yara sa'ad da ya ke kiran suna, in ya ga kumburin da ya wuce mako biyu ya je wurin uban yaro ran nan, ya sanar da mai unguwa. Malamin asibitin ƙauye ya rubuta takardar turawa nan take, ya ajiye littafi mai sunan yaro da ranar komawarsa, ya bi shi har gida in bai koma ba. Majalisun ƙananan hukumomi su ware kuɗin mota da na abinci domin irin waɗannan iyaye. Dagatai su yi magana da wanzamai, don galibi su a ke fara kai wa yaro. Kada kuma a manta da gidan sauro.

Da zafi-zafi a kan bugi ƙarfe. Allah ya raya mana zuriya, amin.