Sanin Ginin Jiki Kafin A Yi Tausa

A garuruwan Magariya da Dungas, tausa aiki ne da aka gada. Ungozoma tana yi wa mai jego, mai ɗori yana yi wa wanda ya yi targaɗe, manomi kuma yakan neme ta bayan ya wuni yana huɗa a gonar gyaɗa. Kayan aikin ba su wuce hannu da man kaɗanya ba. Amma wajibi ne mai tausa ya san abin da ke ƙarƙashin fatar da yake dannawa.

Jikin baligi yana da ƙasusuwa 206 da tsokoki fiye da 600. Ƙashi ba ya motsa kansa, tsoka ce ke jan sa. Saboda haka gajiya a tsoka take taruwa, kuma ita ake murzawa, ba ƙashi ko gaɓa ba.

Kalmar "jijiya" tana rikitar da masu koyo, domin abubuwa huɗu muke kira da ita. Akwai mai fitar da jini daga zuciya, wadda ake jin bugunta a wuyan hannu, sau 60 zuwa 100 a minti idan baligi yana hutawa. Akwai mai mayar da jini zuwa zuciya. Don ita ne ake shafa ƙafa daga ƙasa zuwa sama. Ta uku tana kai saƙo tsakanin ƙwaƙwalwa da sauran jiki, ita ce ke sa ƙafa ta yi sanyi ta mutu idan an daɗe a zaune. Ta huɗu tana ɗaure tsoka da ƙashi, kamar agara a bayan diddige. Idan mutum ya ce "jijiyata ke ciwo", sai a tambaye shi wurin da kuma yadda yake ji.

Sanin inda ba a taɓawa ya fi komai muhimmanci. Saifa tana hagu, ƙarƙashin haƙarƙari. Zazzaɓin cizon sauro da ciwon sikila sukan kumbura ta, musamman ga yara, kuma danna ta da ƙarfi yana iya fasa ta. Ba a murza cikin mai juna biyu, ba a danna maɗigar jariri. Idan ƙwaurin mai jego guda ɗaya ya kumbura, yana zafi da ciwo, mai yiwuwa jini ne ya daskare a jijiya. Tausa tana iya ture gudan jinin zuwa huhu, ya kashe ta. Asibiti za a kai ta nan take.

Haka kuma ba a tausa a kan karaya. Idan an yi ɗori, sai a riƙa duba yatsu. Da zarar sun yi sanyi, ko sun canja launi, ko mutum ya daina jin su, ɗaurin ya hana jini wucewa. A sassauta shi, a garzaya asibitin Magariya ko babban asibitin Damagaram tun naman bai ruɓe ba.