Yadda Ake Wuni da Kwana a Jirgin Sawakin Zuwa Jidda

Bana mun karanta babin sallar matafiyi, shi ne muka ga ya dace mu duba yadda yake aiki a kan ruwa, tunda mutanenmu da yawa ta jirgin ruwa suke zuwa Hajji da Umra.

A ƙasashen Turawa akwai manyan jiragen shaƙatawa, inda ranar da jirgi bai tsaya a wata tasha ba ake wuni ana ci ana iyo ana kallon wasa. Namu ba haka yake ba. Daga nan Soba mota ce za ta bi da kai ta Atbara da Haiya har Sawakin, tashar Usman Digna. Daga can a ƙetare Bahar Maliya, tafiyar awa 12 ko fiye, gwargwadon jirgi da iska. Ta wannan gaɓa kakanninmu suka ƙetara cikin ƙananan jiragen katako masu tafiya da iska, bayan sun yi shekaru a hanya daga Kano ko Sakkwato.

Mai hali ya kama ɗaki da gado, saura kuma kujeru, wasu su shimfiɗa tabarma a saman jirgi. Guzuri dai sananne ne: dabino, gurasa, ful, shayi. Amma kada wanda ya ce zai hura gawayi don jabana, komai kwaɗayinsa. A Fabrairun 2006 gobara ta tashi a jirgin Al-Salam Boccaccio 98 tsakanin Duba da Safaja, ya nutse da mutum sama da 1,000. Saboda haka da shigarka, nemi inda rigar ceto take tun kafin ka nemi wurin kwanciya. Wanda jiri da amai suka kama, ya fita iska ya riƙa kallon nesa, ya rage maiƙo.

Inda karatunmu ya shigo shi ne salla. Ruwan teku mai tsarki ne, ana alwala da shi, hadisin yana cikin Muwaɗɗa. Kasaru ya halatta, don tafiyar ta wuce baridi 4 nesa ba kusa ba. Sai dai a mazhabarmu ta Malikiyya rangwamen haɗa salla biyu saboda tafiya na matafiyin tudu ne, ban da na ruwa. Dalili a fili yake: mai raƙumi sai ya sauka kafin ya yi salla, na jirgi kuwa yana zaune a masaukinsa. Farilla a tsaye ake yi, sai in jirgi na tangaɗi har ana tsoron faɗuwa, sannan a zauna.

Alƙibla ita ce mai rikita mutane. Da barin Sawakin, Makka tana arewa maso gabas, kusan inda hancin jirgi ya dosa. Ana matsowa Jidda tana komawa gabas sosai, wato hannun dama. Ka ga wanda ya yi Isha yana fuskantar gaba, in ya maimaita haka da Asuba ya kauce. A tambayi ma'aikatan jirgi kowace salla, in kuma jirgi ya juya kana ciki, ka juya zuwa alƙibla.

Sai harami. Wasu malaman fikihu sun ambaci mutanen Sawakin da suna, suka ce tunda suna isa Jidda ba su daidaita da wani miƙati ba, daga Jidda za su ɗaura. Wasu alhazan kuma tun cikin jirgi suke wanka su yi niyya. Gara kowa ya tambayi malaminsa tun a gida, don gardamar cikin jirgi ba ta ƙarewa, ga layin banɗaki ya yi tsawo, ga fitilun Jidda sun fara bayyana.