Akwatin fayafai da tarbiyyar kunne a Damagaram

Mai juya faifai a wajen rawa, wanda yaran yanzu suke kira dije, ba a makaranta yake koyon aikinsa ba. Abin da ya ji tun yana ƙarami shi ne malaminsa. Saboda haka ya kamata mu binciki abin da ke cikin akwatunan masu wannan sana'a a Zinder wajen shekarun 1970.

Kafin garmaho, kunnen ɗan Birni ya riga ya saba da kakaki da algaita na ƙofar Sarkin Damagaram, da muryar Ma'azu Ɗan Alalo, wanda waƙarsa a kan Bodo, Baturen zamanin aikin dole, ta zagaye ƙasa. Wanda ya tashi da irin wannan kiɗi ya san lokacin da taro yake son a tsananta, da lokacin da yake son a sassauta, kuma rabin aikin ke nan.

Fayafan kuwa baƙi ne. Da yawa daga cikinsu ta hanyar Kano suke shigowa, tafiyar wajen kilomita 240, cikin kayan fatake da na direbobi. Ta nan aka samu Mamman Shata da Ɗan Maraya Jos, ta nan kuma «Sweet Mother» ta Prince Nico Mbarga ta iso bayan fitowarta a 1976. Ma'aikatan gwamnati da ɗaliban da suka yi karatu a Dakar ko Abijan su ne suke komowa da kiɗin Kongo, na Franco da ƙungiyarsa O.K. Jazz wadda aka kafa a 1956, da na Tabu Ley, da Bembeya Jazz ta Gine, da Orquesta Aragón ta Kuba. Ba lalle mai rawa a Sabon Gari ya ji Lingala ko Sifaniyanci ba, amma ƙafarsa ba ta taɓa neman tafinta ba.

Girman faifai ma ya yi tasa tarbiyyar. Ƙaramin, mai juyi 45 a minti, waƙa guda yake ɗauka a kowace fuska, ba a daɗe ba ta ƙare. Dole mai juyawa ya riga ya zaɓi ta gaba tun allura ba ta kai ƙarshe ba. Babban, mai juyi 33, yakan kai minti 20, ya ba mutum sararin shan ruwa.

Sai dai akwai giɓi a cikin akwatin: kiɗin zamani na Nijar kansa bai cika hawa faifai ba. Wurin zamansa shi ne zaren gidan rediyon ƙasa, Muryar Sahel, da kaset, da dandalin bikin matasa na ƙasa, wanda aka fara a nan Zinder a 1976. Ga misali. Mamman Sani ya ɗauki kiɗinsa na ogan a gidan rediyon Yamai a 1978, aka fitar da kaset kaɗan ƙwarai. Sai a 2013 kamfanin Sahel Sounds na Amurka ya buga shi a faifai, bayan an tarar da ɗaya daga cikin kaset ɗin a Yamai, daga nan masu juya faifai na Turai suka san shi. Da zaren nan ya tsinke fa?

Zafin bazara yana lanƙwasa faifai, ƙura tana cin layinsa, gara tana cin kwalinsa, magada kuwa sukan ɗauke shi tarkace. A ganinmu, Jami'ar André Salifou ta Zinder ta dace da tara abin da ya saura, ta kwafe shi a na'ura, ta rubuta sunan mawaƙi da shekara da gidan da aka samo shi. Kafin nan, wanda yake da gadon irin wannan akwati ya jera fayafan a tsaye cikin inuwa, kada ya ɗora su bisa juna, kada kuma ya goge su da busasshen tsumma.