Tsufa Ba Shi Ne Tsada Ba: Yadda Mai Tara Tsofaffin Sulalla Ke Samun Garaɓasa

Duk wanda ya saba ratsa Kasuwar Kurmi ta Kano, ta wajen rumfunan masu sayar da kayan da, ya san ɗan farantin tasan nan da ake ajiyewa a gefe, tsakanin tsofaffin takubba da mundaye. A ciki an jibge sulalla, wasu sun yi baƙi, wasu sun yi kore: kwabo mai huda, anini, taro, sisi, sule mai bishiyar kwakwa, wani lokaci har da riyalin Makka ko tamman Faransa da ta ƙetaro daga Damagaram. Mai rumfa kan yanka musu kuɗi ɗaya, ka ɗauki wanda ya yi maka. Mutum goma za su wuce, tara ko kallo ba za su yi ba. Na goman ne zai tsuguna, ya zaro ɗan gilashinsa mai ƙara girman abu, ya yi ta juya su ɗaya bayan ɗaya kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa. Can sai ya ware uku ya ce, "Alhaji, waɗannan fa?" A yi tayi, a ce albarka, a ƙara, a sallama. Mai rumfa ya ci riba, shi kuma ya tafi yana murmushi, domin ya ga abin da tara ɗin can ba su gani ba.

Tara tsofaffin kuɗi sha'awa ce mai kasuwa a duniya, har da gidajen gwanjo da ba su da wata sana'a sai ita. A watan Yuni na 2021 an sayar da wani sulen zinari na Amurka, bugun 1933, a kan dala miliyan 18.9 a birnin New York. A 2011 kuma, a Landan, wani dinari na zamanin Banu Umayya, bugun shekara ta 105 bayan Hijira, wanda aka rubuta a jikinsa cewa zinarinsa daga ma'adinin Amirul Muminina yake a Hijaz, ya tashi a kan fam miliyan 3.72. Irin waɗannan labarai su ne ke sa mutum ya tuna da gwangwanin kakarsa da ke ƙarƙashin gado, zuciyarsa ta fara lissafin mota da gida. To a nan kuskure yake farawa.

Yawancinmu mun ɗauka cewa abu in ya tsufa ya yi tsada. A harkar sulalla ba haka ba ne, kuma babu misalin da ya kai na azurfar nan mai hoton wata mata mai jiki, wadda Hausawa suka sani da liyari, mutanen Borno kuma suke kira gursu. Matar ita ce Mariya Tereza, sarauniyar Ostiriya. Lokacin da matafiyin nan Bajamushe, Heinrich Barth, wanda ya laƙaba wa kansa suna Abdulkarim, ya zo Kano a 1851, ana canza irin wannan azurfa a kan wuri 2,500. In ka duba jikinta za ka ga 1780. Sai mai ita ya ce maka, "Ka gani, ta haura shekara ɗari biyu da arba'in." Abin da bai sani ba shi ne, 1780 shekarar mutuwar sarauniyar ce, kuma tun daga lokacin duk wadda aka buga wannan shekarar ake maimaitawa a kanta, saboda fataken Larabawa da Habasha da ƙasashenmu ba sa karɓar wadda ta saɓa wa wadda suka saba. An buga ta a Biyana, an buga ta a Rum da Faris da Landan da Bombay, ɗaruruwan miliyoyi, kuma har gobe gidan buga kuɗi na Ostiriya yana buga ta da wannan 1780 ɗin. Don haka darajar mafi yawansu ita ce darajar azurfar da ke ciki: nauyinta giram 28 da 'yan ɗigo, tsantsar azurfa a ciki kamar giram 23 da ɗan ɗoriya. Ka tambayi kuɗin giram ɗin azurfa a ranar, ka ninka, ka san inda tayinka zai tsaya. Wanda ya biya ninki biyar saboda "1780" ya sayi labari ne.

Abin da ke sa sule tsada shi ne ƙarancinsa, da lafiyar jikinsa, da ƙarfen da aka yi shi da shi, da yawan masu nemansa. Garaɓasa kuwa tana ɓoye ne a tazarar da ke tsakanin abin da kowa ke gani da abin da masani ke gani.

Ɗauki sulen zamanin Turawa. Hukumar Kuɗin Afirka ta Yamma, wadda Ingila ta kafa a 1912 don Nijeriya da Gold Coast, wato Ghana ta yau, da Saliyo da Gambiya, ta fara fitar da sule da fataka masu bishiyar kwakwar manja a 1913. Daga 1913 zuwa 1919 azurfa ce kusan zalla, kashi 92.5 cikin ɗari. Da azurfa ta yi tsada bayan Yaƙin Duniya na Farko, a 1920 aka rage ta zuwa rabi, a cikin shekarar kuma aka koma tagulla ɗungurungum. Zanen bai canza ba, hoton Sarki Joji na Biyar ne dai da kwakwarsa. In datti ya rufe su a faranti ɗaya, na 1916 da na 1926 duk baƙaƙe ne, kuɗinsu ɗaya a wajen mai rumfa. Amma na farkon yana ɗauke da fiye da giram biyar na azurfa, na biyun kuwa babu ko ɗigo. Sanin wannan shekara guda, 1920, ya isa ya mayar wa mutum kuɗin motarsa.

Sai anini, wanda ake buƙatar goma kafin a yi kwabo, har ya zama abin misalta rashin daraja. Aninin farko na 1907 da sanholo aka yi shi, kuma a tarihin kuɗin duniya ana lissafa shi a sahun farko na kuɗin sanholo da aka taɓa sakin wa jama'a. Bai jure gumi da laimar ƙasarmu ba, yana ciwuwa, shi ya sa a 1908 aka sauya ƙarfen. Saboda haka mai lafiya a cikinsu ba ya yawa. Alamarsa ba ta da wuya: in ka ɗora shi a tafin hannu kamar ba ka riƙe komai ba, kuma a jikinsa akwai sunan Nijeriya haɗe da na Afirka ta Yamma, abin da aka daina rubutawa bayan 1911.

Akwai kuma wanda ke ruɗar sababbin shiga. Sarki Edward na Takwas ya hau gadon Ingila a Janairun 1936, ya yi murabus a Disamba saboda matar da yake son aura. A Ingila ba a kai ga sakin kuɗi da hotonsa ba, shi ya sa 'yan samfurin da suka tsira suke da tsadar gaske, har wani sulen zinari nasa ya kai fam miliyan ɗaya a 2020. Amma a nan yankinmu an saki kwabo da ɗari da anini masu sunansa, tunda masu huda ne ba sa buƙatar hoto. Miliyoyi aka buga. Kyakkyawan abin ajiya ne, labarinsa da daɗi, sai dai kuɗinsa kaɗan ne, kada wani ya haɗa maka shi da wancan na Landan. Abin da ya kamata ido ya nema shi ne saɓani. Sarki Joji na Shida ya rasu a Fabrairun 1952, amma akwai kwabon 1956 da aka yi kuskure aka buga da sunansa maimakon na 'yarsa Elizabeth. Irin wannan tuntuɓen na gidan buga kuɗi shi ne masu tarawa ke rububi. Haka ma ɗan mitsitsin harafin da ke nuna inda aka buga: H na kamfanin Heaton ne a Birmingham, KN na King's Norton, SA na Pretoria. Shekara ɗaya, zane ɗaya, amma wani harafin ya cika kasuwa, wani sai an tona.

Yanzu bari in faɗi laifina. Da aka raba kayan wata gwaggota, Allah ya jiƙanta, an sami wani gwangwanin madara cike da sulalla a ƙasan adakarta, ba wanda ya kula da shi sai ni. A ciki akwai fataka guda ta azurfa, ta yi wani duhu-duhu mai shuɗi, amma ko gashin gemun sarkin ana iya ƙirgawa. Na ga ai bai dace a bar ta haka ba. Na jiƙa tsamiya, na haɗa da toka, na dirje ta da soson ƙarfe har ta koma tana walƙiya kamar sabon kwano. Da na kai wa wani dattijo da ya daɗe a harkar, ya ɗaga ta a rana, ya karkata ta, ya nuna mini dubban ƙananan ƙarce da na zana mata. Ya ce, "Yaro, ka wanke kuɗinka da hannunka." Duhun nan da na kankare shi ne shaidar cewa ba a taɓa ta ba. Daga ranar ta koma kuɗin azurfarta kawai. Masu tarawa suna da ma'auni daga 1 zuwa 70, wanda wani Ba'amurke, William Sheldon, ya tsara a 1949, kuma sule iri ɗaya yana iya ninka ɗan'uwansa sau da yawa don kawai bai sha hannu ba. Wankakke, da wanda aka huda don a rataya a kitso, da wanda maƙeri ya liƙa wa kunne don abin wuya, duk sun faɗi. Ga mai saye, wannan makamin ciniki ne. In ka ga sule yana sheƙi fiye da shekarunsa, rage tayi.

Ina ake samu? Ba a shagon da aka jera su cikin gilashi don baƙi ba, can an riga an san kuɗinsu har an ɗora. Araha tana wajen 'yan koli a kasuwannin ƙauye, da 'yan gwangwan masu sayen tsohon ƙarfe a kan kilo, da maƙeran farfaru waɗanda ake kawo wa tsohuwar azurfa don narkarwa. Maƙeri nauyi yake saye, ba ruwansa da shekara. In kun saba, ka roƙe shi ya riƙa ajiye maka kafin ya zuba a wuta, ka biya shi sama da abin da zai samu in ya narkar, kowa ya amfana. Sayen tuli ma ya fi sayen ɗaiɗai: ka yi cinikin gwangwanin gaba ɗaya, ka je gida ka tankaɗe. Kuma kada ka nuna zumuɗi a kan wanda kake so, ɗan kasuwa fuska yake karantawa kafin aljihu.

A intanet kuwa, a kula. Mutum zai buɗe eBay ya ga an sa wa kwabon 1959 dala dubu, ya zo yana rantsuwa cewa yana da irinsa guda ashirin. Kowa na iya rubuta kuɗin da ya ga dama. Abin dubawa shi ne nawa aka saya, ba nawa aka yi talla ba, kuma shafin yana da wurin da ke nuna cinikin da ya faɗa. Kuɗin Tarayyar Nijeriya na 1959 da kwabban da suka zo da naira a 1973, har da kwabo ashirin da biyar mai dalar gyada, an buga su da ɗimbin yawa. A tara su don tarihi da nuna wa yara, amma sai sulen da bai taɓa shiga kasuwa ba ne yake da ɗan kuɗi. Shafin Numista yana da hoto da nauyi da faɗin kusan kowane sule, kyauta, kuma da shi za ka gane jabu.

Jabu kuwa ya yi yawa, musamman liyari da sulallan gwal da ake sawa a sadaki. Kayan aikin ba su da tsada: ƙaramin sikelin masu gwal, maganaɗisu, da gilashi. Azurfa da zinari ba sa bin maganaɗisu, in ya kama, magana ta ƙare. In bai kama ba, ba a gama ba, domin dalma da tagulla ma ba sa bi, sai a hau sikeli. Fam ɗin zinari na Ingila giram 7.98 ne, in ya gaza da yawa ka mayar. Azurfar gaske in ka ɗora ta a kan yatsa ka ɗan ƙwanƙwasa, tana yin ƙara mai tsawo, ta dalma kuwa "ɗif" take yi ta yi shiru. Wanda aka zuba a ƙira maimakon a buga, za ka ga rubutunsa ya yi laushi, da ƙananan ramuka, da layin haɗi a gefe.

Mafi muni su ne 'yan damfarar da ba ma jabu suke sayarwa ba, buri suke sayarwa. Wani zai kira ka ya ce akwai Bature a otal yana neman kwabo mai huda na shekara kaza, zai biya miliyoyi, don wai akwai wani sinadari a ciki, irin tatsuniyar da aka yi ta yaɗawa a kan tsohon keken ɗinki da dutsen guga na gawayi. Kwana biyu sai ga wani ya ɓullo da kwabon daidai, yana neman dubu ɗari biyar. Kana biya, Baturen da dillalin duk wayarsu ta mutu. Banza ba ta kai zomo kasuwa. Duk cinikin da aka ce sai ka biya kuɗin gwaji, ko kuɗin rajista, ko a yi shi a ɓoye cikin gaggawa, tashi ka kakkaɓe rigarka.

Abu biyu kuma da bai kamata a tsallake ba. Na farko na doka ne. Sulallan 2007, wato kwabo hamsin da naira ɗaya da naira biyu, har yanzu kuɗin ƙasa ne ko da ba a karɓarsu a kasuwa, kuma dokar Babban Bankin Nijeriya ta 2007 ta hana lalata naira da cinikinta. Abin da aka tono a tsohon kufai kuwa yana ƙarƙashin Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa, ba a fita da shi waje sai da izini. Na biyun na zuciya ne. Cin garaɓasa a hannun ɗan kasuwar da ya sa wa kayansa kuɗi da kansa daban, zaluntar tsohuwar da ta kawo maka gwangwanin mijinta tana tambayar ko zai sayi magani daban. In akwai azurfa a ciki, gaya mata, ka ba ta kuɗin da ya dace. Ciniki na zinari da azurfa kuma malamai sun ce hannu da hannu ake yin sa, ba bashi.

Mai karatu, in akwai irin wannan gwangwani a gidanku, kada ka kai wa 'yan gwangwan tukuna, kuma don Allah kada ka wanke. Shimfiɗa farin ƙyalle, ka zazzage su, ka riƙa ɗaukar kowanne ta gefe, ka ware duk sule da fataka da sisi da taro masu shekarar da ba ta kai 1920 ba, ka naɗe kowanne a takardarsa daban, ba a leda ba. Sauran ka zauna da su da gilashi ranar da ka sami sukuni.