Maisamari: Ƙofar Tsaunin Mambila

Matafiyin da ya baro Serti ya nufi Gembu, a Jihar Taraba, zai isa Mayo Selɓe cikin gumi. Daga nan hanya ke fara hawan dutse, tana lanƙwasa kamar maciji, dutse a hannu guda, kwazazzabo mai zurfi a ɗaya hannun. Kafin ya kai Maisamari sai ya nemi rigar sanyi.

Dalilin wannan canji shi ne tsawo. Tudun Mambila ya ɗara mita 1,500 bisa doron teku, kuma iska tana rage zafi da kimanin digiri 6.5 a kowace mita 1,000 da aka hau. Haka nan iskar damina da ke tasowa daga kudu maso yamma ɗauke da laima, idan ta ci karo da tsaunin sai ta hau, ta buɗe, ta huce, ta zubar da ruwanta. Shi ya sa hazo kan rufe ƙauyen da safe har direba ya kunna fitila.

Ruwan nan ba ya zama a sama. Yana tsattsafowa daga ƙoramu masu yawa, waɗanda Fulani ke kira mayo, su haɗu su zama manyan koguna. Kogin Donga daga wannan tudu ya samo asali, ya gangara ya faɗa Binuwai. Saboda wannan gangara ce gwamnatin tarayya ta amince a 2017 da kwangilar gina tashar lantarki mai ƙarfin megawat 3,050 a kansa.

Sai dai maɓuɓɓugan suna cikin haɗari. Ƙarancin ƙudan tsando ya jawo makiyaya da garkuna masu yawa, ciyawa ta yi ƙasa, kofato ya daddaɓe jar ƙasar har ruwa ya kasa nutsewa. Maimakon ya shiga ƙasa ya ciyar da ƙorama da rani, sai ya kwarara a guje, ya yanka kwazazzabai, ya kwashe laka zuwa kogi. Dazuzzukan bakin ƙorama, masu riƙe gaɓa da saiwoyinsu, sara da gobara sun rage su ƙwarai. Ngel Nyaki, kusa da ƙauyen Yelwa, na cikin kaɗan da suka saura.

Hanyar ma tana shan wahalar. Da damina ƙasa kan zabtaro ta toshe ta, motocin shanu da na ganyen shayin Kakara su yi cirko-cirko har sai an buɗe.