Alƙalamin da ake sayen labarinsa

A tsangayun Doguwa da Tudun Wada, alƙalami ba abin da ake ciniki a kai ba ne. Da kaka, idan gamba ta bushe, sai alaramma ya zaɓi kara mai ƙwari, ya sa wuƙa ya feƙe bakinsa, ya tsaga shi kaɗan don ya riƙe tawada. Idan ya dakushe a sake feƙewa, in ya gajarce a yar. Shi ya sa mutumin nan zai yi mamaki idan ya ji cewa a Turai da Asiya akwai masu kashe kuɗin mota a kan alƙalami guda, kuma su ƙi ɗura masa tawada don kada darajarsa ta faɗi.

Mafi yawan abin da suke saye labari ne. Kamfanin Montblanc, wanda ya soma a Jamus a 1906, ya ɗauki sunan wani dutse da ke tsakanin Faransa da Italiya. Farin tauraron da ke kan murfin alƙalaminsa ƙanƙarar saman dutsen ce, lambar 4810 da ke bakinsa kuwa tsayin dutsen ne a mita. A 1992 ya fara fitar da alƙaluma da sunan marubuta, Hemingway ne na farko. Na Agatha Christie, mai littattafan binciken kisa, maciji aka naɗa masa a murfi. Ana ƙera adadi ƙayyadadde, kowanne da lambarsa, daga nan an rufe ƙofa. Kamfanin Parker ma a 1965 ya ƙera wasu da azurfar da aka tsamo daga jiragen ruwan Sifaniya da suka nutse kusa da Florida a 1715.

Wanda ya fi burge ni shi ne aikin kamfanin Namiki na Japan. Ana shafa wa alƙalamin ƙaron wata bishiya, a zana tsuntsu ko kifi, a barbaɗa garin zinariya tun bai bushe ba, a goge, a sake shafawa. Guda ɗaya yakan ci watanni. Nan kam gumin mai sana'a ake biya. Wasu kuwa, gaskiya, ƙarancinsu ƙirƙirarsa aka yi don a tsuga kuɗi.

Namu alƙalamin ma yana da tsari, sai dai rubutu ne ke yanka masa. Rubutun Kano mai kauri yana son baki mai faɗi, wasali da jar tawada yana son siriri, don haka mai rubuta Alƙur'ani ba ya zama da alƙalami ɗaya. Tawadar allo ta gawayi da ƙaro ce, saboda wankewa za a yi. Ta takarda daban take, ana haɗa ta da bagaruwa da ƙarfe don ta kama. Da irin waɗannan kaya marigayi Sharif Bala Gabari na Kano ya rubuta mus'hafan da aka buga suka bazu a Afirka ta Yamma.

Mai sha'awar tara kayan tarihi daga Kiru zuwa Riruwai ba sai ya nemi dala ba. Akwai tsofaffin kurtun tawada, da gafaka, da allunan zayyana, da alƙaluman malaman da suka rasu. Ya tambayi magada wa ya feƙe, me aka rubuta da shi, a wace tsangaya, ya rubuta amsar ya ajiye tare da kayan, nesa da danshi da gara.